Ƙungiyar agaji ma tana buƙatar lissafi irin na ɗan kasuwa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu kafa ƙungiyoyin agaji kan abin da ke durƙusar da su tun ba a je ko'ina ba.

Da yawa sun ɗauka tunda ba don riba aka kafa ƙungiya ba, bai halatta ta samu rara ba. Ba haka ba ne. Tana iya sayar da kaya, ta karɓi kuɗin horo, ta rufe shekara da rara. Abin da aka hana shi ne a raba rarar tsakanin waɗanda suka kafa ta ko amintattunta, wato waɗanda aka damƙa wa amanar kula da ita. Cikin aiki take komawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin da aka bayar da sharaɗi. Idan mai tallafi ya ce na haƙa rijiya 10 ne, to na rijiya ne, ko da mai gidan haya yana tsaye a bakin ofis. Shi ya sa za ka ga asusu cike, amma babu na albashi. Sai a ce bari a ara, za a mayar. Ranar da mai binciken kuɗi ya buɗe littafi ya ga giɓin, sai a biya daga aljihun ƙungiya, amana kuma ta tafi. Maganinsa, kowane aiki a ba shi lambarsa a littafin kuɗi, sannan tun wurin rubuta takardar neman tallafi a saka kuɗin gudanarwa: haya, wuta, intanet, albashin akanta. Masu tallafi da dama kan amince da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wasu kunya ce ke hana su nema, kunyar da ba ta biyan haya.

Sai lokacin shigar kuɗi. Tallafi kashi-kashi yake zuwa, na biyu ba ya fitowa sai an karɓi rahoton na farko, wasu ma sai ka kashe naka su biya ka. A rubuta jadawalin shiga da fita na wata 12, a tara ajiyar da za ta riƙe ofis wata 3 zuwa 6. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025, ƙungiyoyin da suka rataya a kan USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, ita kaɗai, su suka fi jin jiki.

Sai tsare kuɗin ƙungiya. Wanda ya nemi a kashe kuɗi daban, mai amincewa daban, mai biya daban. Cek ya ɗauki sa hannun mutum biyu, babbar sayayya a nemo farashi daga wuri uku, ƙarshen wata a gwada littafi da takardar banki. Amintaccen da ɗan'uwansa ke neman kwangila kuwa, ya faɗa da bakinsa, ya fita daga ɗakin kafin a yanke shawara, sakatare ya rubuta hakan a bayanin taro.

Mun gode.

Naku,
Wasu akantoci masu aiki da ƙungiyoyin agaji