Ƙaryar "zan turo magabatana" ta yi yawa a Dang

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina sayar da abinci a Dang, inda jami'ar Ngaundere ta ƙasar Kamaru take, kuma yawancin masu cin abincina ɗalibai ne daga Garwa, Marwa, har da Chadi. A ba ni fili in faɗi abin da ke damuna.

Yaro an riga an kai masa kuɗin gaisuwa a gida, wani ma da mata da ɗa a ƙauye, amma a nan sai ya rantse ba shi da kowa. "Da mun gama zan turo magabatana." A kan wannan magana yarinya za ta yi shekara uku tana masa girki da wanki a ɗakin haya, tana raba masa ɗan kuɗin da uwarta ta turo ta Orange Money. Ranar da takardarsa ta fito sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya canza lamba.

Wata 'yar Garwa ta zauna a bencina bayan isha'i, shinkafarta ta huce ba ta taɓa ba. Ta miƙo mini waya: hoton ɗaurin auren saurayinta ne a WhatsApp, ita kuwa da ciki wata uku. Ta ce, "Inna, da wane ido zan kalli Baba?"

'Yan matan ma akwai masu nasu halin, ga ɗan aji ga mai biyan haya a cikin gari, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne cuta. Wanda ya iya ɓoye mace guda, ɓoye ciwo ba zai gagare shi ba. Maganin ƙanjamau kyauta ne a Kamaru tun 2007, gwaji ma a asibitin gwamnati ba a biya tun 2020. Duk da haka idan yarinya ta ce "mu je a gwada mu", sai ya haɗe rai: "Ba ki yarda da ni ba ke nan?" Sai ta yi shiru.

Zina haramun ce, kullum ina faɗa musu. Amma malamai, wa'azin kada ya tsaya kan shigar mata. Ku fuskanci samarin nan da ke rantsuwa da Allah a kan alkawarin da ba su yi niyyar cikawa ba. Ku kuma iyaye, idan 'yarku ta ambaci saurayi kada ku rufe ta da faɗa. Ku tambayi sunansa da garinsu, a tura kawu ya binciki gidansu tun a shekarar farko.

Wassalam,
Wata uwa daga Dang, Ngaundere