A bar mu mu riƙa zuwa biki da allura da zarenmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abu da wasu za su ga bai kai a rubuto wa jarida ba. Ni malamar firamare ce a Zariya, ina da 'ya'ya har da jikoki. Ina ɗinkin hula, ina kuma saƙa da kwarashi. Ba da su nake ci ba, albashi nake ɗauka. Abu ne da na koya wajen kakata a cikin birni tun ban iya ɗaura zani ba, ya kuma bi jikina har yau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo gidajen bikinmu. Yanzu in mace ta zauna a gidan biki ko suna ta buɗe jaka ta fito da ɗinkinta, sai a fara kallonta ta gefen ido. Wata ta ce, "Ke dai Malama ba kya hutawa." Wata ta ce, "Biki kika zo ko neman kuɗi?" Da dariya ake faɗa, amma maganar ta kai inda aka aike ta. Mai faɗar kuwa in ka dubi hannunta waya ce, tun da ta zauna ba ta ɗago kai ta gaida ta kusa da ita ba. Ni da nake ɗinki kunnena a buɗe yake, bakina ma haka, da ni ake hira, da ni ake shewa. Yatsu ne kawai ke aikinsu.

Ban musa cewa zumunta a ƙafa take ba, kuma ƙafata ba ta yi ƙyuya ba. Dangin maigidana suna Funtuwa da Katsina, 'yata ta fari tana aure a Abuja, ƙannena biyu suna Kano, ƙanwar mahaifiyata kuma tun tana budurwa aka kai ta Maraɗi, zuriyarta duk suna can. Duk wanda ke da dangi a warwatse haka ya san yadda shekara ke tafiya. Daga Rajab zuwa Sha'aban ana rige-rigen ɗaura aure kafin azumi. Bayan ƙaramar Sallah a sake ɗauka. Hutun Disamba kuwa kusan kowace Asabar da nata. Suna ba ya ba ka ko mako cikakke ka shirya, rasuwa kuma ba ta sallama. Ni da nake makaranta daga safe zuwa azahar, in dawo in ɗora tukunya, in duba littattafan yara, lokacin da ya rage mini na ɗinki shi ne tsakanin la'asar da magariba, sai ranakun ƙarshen mako. To ƙarshen makon nan shi ne na biki. In allura ta zauna a gida duk lokacin da na fita, yaushe hula za ta ƙare?

Wanda bai taɓa riƙe allura ba yana ganin hula a kan mutum ya ɗauka aikin kwana biyu ce. Da fari sai an kai farin ƙyalle wajen mai zane ya fitar da tsarin. Jikin hular daban, kanta daban. Sannan a bi zanen nan ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗan ido sai an zagaye shi da zare an ja daidai, kada wani ya fi wani tsauri, don in hannu ya sauya ana gani ko daga nesa. Hula mai cikakken aiki tana cin makonni a hannun wadda ba ta da wani aiki sai ita, a hannun irina kuwa watanni. Bayan an gama sai a haɗa kai da jiki, a kai wa mai wankin hula ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a katako ya buge ta har ta tsaya ta yi ƙyalli. Hulunan inji sun cika kasuwa, suna da araha, ban kuma ga laifin mai sayensu ba. Amma maigidana bai taɓa hawa idi da hular da ba ta fito daga hannuna ba, kuma ina so ya ci gaba da haka muddin idona na gani.

Mu dubi bikin kansa da gaskiya. Ɗaurin aure na maza ne, a masallaci ko ƙofar gida, kafin shayi ya huce an shafa fatiha an watse. Mu mata kuwa a kan kira mu tun ranar kamu, a yi sa lalle, a yi yini, a kai amarya, wasu har sai an yi buɗar kai. In aka cire lokacin girki da rabon abinci da salla, sauran duk jira ne. Jiran mai kwalliya ta gama da amarya, jiran motoci, jiran dangin ango da suka ce suna hanya tun azahar. A zamanin iyayenmu wannan jiran ba ya tafiya a banza. Tsofaffi na gefe da mazari suna kaɗi, wata na saƙar faifai, wata na yi wa yarinya kitso, masu hula sun jeru inda haske ya fi. A nan ake ganin sabon zane a hannun baƙuwa daga Kano ko Borno a roƙe ta ta nuna yadda ake bi. Rabin abin da na iya a gidan biki na gan shi. Ba wanda ya taɓa cewa kakata ta raina masu biki don ta zo da ɗinkinta.

Amma ba ko'ina nake fito da aiki ba, kuma ina so masu sukar su ji wannan. Gidan makoki ba na zuwa da allura ko a cikin jaka. Wurin carbi ne da addu'a da rarrashin waɗanda aka yi wa rashi. A gidan biki ma in akwai tukunya a wuta ko kwanuka a bakin rijiya, ɗinki ya jira. Na san akwai mata masu fakewa da aikin hannu don kada a ce su tashi su kama aiki, suna zaune kamar baƙi alhali ɗiyar yayarsu ake aurarwa. Wannan lalaci ne, kuma ko babu hula a hannunsu da wani abin za su fake.

Sauran dokokin tafiya ce ta koya mini su. A mota ba na ɗinkin hula ko kaɗan. Ana cusa mutum huɗu a kujerar baya, direba ya faɗa rami, allura ta shige yatsa ko cinyar maƙwabciya, jini ya ɗiga a farin ƙyalle. Hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara gyara tun 2018 ta yi kyau a wasu wuraren, amma ko a mai kyan ido ba ya iya bin ƙananan idanun hula mota na gudu. Kwarashi ya fi haƙuri da hanya: ba shi da kaifi sosai, zaren ulu na da kauri, in aka yi kuskure a warware a sake. Jirgin ƙasa kuwa shi ne aljannar mai saƙa. Tun da aka buɗe layin Kaduna zuwa Abuja a 2016, in zan je wajen 'yata nakan shiga mota zuwa tashar Rigasa a Kaduna, in hau jirgi, kafin mu isa tashar Idu a Abuja safar jariri ta yi nisa. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 aka dakatar da shi har zuwa Disamba na wannan shekarar, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A watannin nan mota muka koma, kuma ba wanda ke da natsuwar saƙa a wannan hanya a lokacin, kowa bakinsa addu'a.

Hula tana son dogon zama. Lokacin da na je zaman jego wajen 'yata, tsakanin dafa ruwan wanka da kunun kanwa da karɓar 'yan barka, da jariri ya yi barci sai in jawo ta. Irin wannan zaman ne ke gama hula. Sai dai a kiyaye ta daga abubuwa uku da ba a raba gidan mata da su: manja, humra da lalle. In na san za a yi mini ƙunshi, farin ƙyalle ba ya fitowa sai lallen ya kama ya daina zuba. Nakan naɗe aikin a tsohon ɗankwali mai tsabta, allurai da ɗan almakashi da tabarau kuma a gwangwanin alawa, saboda yaran gidan biki ba abin da hannunsu ba ya kaiwa. Zare kuma a saya isasshe tun daga gida. In ya ƙare a garin mutane ka shiga kasuwa, mai shago zai rantse maka launi ɗaya ne, sai an fito rana ka ga shuɗi biyu a hula ɗaya. Kada kuma allura ta ɓace maka da dare, don har yanzu akwai masu tireda da ba sa sayar da ita bayan magariba, ko camfi ne ko me, ba su fasa ba.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a son faɗa a fili. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Kuɗin mota ya bi ta, atamfar anko ta bi ta, albashin malamin firamare kuwa yana tafe a hankali. Yau in na biya kuɗin mota zuwa Katsina da dawowa, na yi anko, abin da zai rage na gudummawa ba shi da yawa. Shi ya sa nake kai aikin hannuna: hula ga ango, ko rigar sanyi da hula da safa ga jariri, musamman in haihuwar ta faɗo cikin hunturu. Tsofaffi sun san darajar wannan, sukan juya hular su duba cikinta, don a ciki ake gane hannu. Amma wasu 'yan zamani sai ka ga fuska ta sauya, an fi son a ji ƙarar shigar kuɗi a waya. Ina so su lissafa kuɗin zare da na mai zane da na mai wanki, su ɗora watannin da aka yi ana sunkuye, sannan su faɗa mini wace gudummawa ce ta fi tsada a cikin ɗakin.

Wani lokacin ma aikin ne ke zuwa inda ƙafa ta kasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A tsakanin nan aka yi haihuwa a gidan innata a Maraɗi. Matasa na bi ta daji a kan babur daga wajen Jibiya, ni kuwa shekaruna sun wuce wannan kasada. Na zauna na saƙa wa yaron kayan sanyi, don hunturun can ya fi namu cizo. Ban sami amintaccen mai kaiwa ba, yaro kuma bai tsaya jiran gwamnatoci su shirya ba, yana ta girma. Sai da na warware rigar na ƙara mata faɗi da tsawon hannu. Da na isa da ita daga baya, Inna ta karɓa ta ce, "'Yar nan, ai kin zo suna, ga shaida."

Ni dai abin sha'awa ne a wajena, in hula ta yi jinkiri ba wanda zai kwana da yunwa. Waɗanda na fi tausaya wa su ne matan cikin birnin Zariya da wannan aiki ne abincinsu. Ɗinkin hannu na babbar riga, su aska biyu da aska takwas da malum-malum, a da aikin maza ne a zaure da gindin bishiya. Da maza da yawa suka koma keken ɗinki da wasu sana'o'in, mata a cikin gidaje suka karɓi babban kaso na aikin. Da shi suke sayen sabulu, su yi adashi, su tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Irin wannan matar in ta tafi biki na kwana huɗu ba ta taɓa allura ba, mai riga na jira, Sallah na matsowa, kuɗin adashi ba ya jira. In ta ƙi zuwa a ce ta yanke zumunci. In ta zo da aikinta a ce ta zo neman kuɗi. To ina ake so ta sa kanta?

Roƙona ga 'yan uwa ba mai yawa ba ne. In an sa ranar biki a sanar da wuri, ba saura mako guda a turo kati ta WhatsApp ba, don mai son kawo hula ta sami lokacin ɗinka ta. A rage kwanakin da ake tsare mutane ba aikin fari ba na baƙi. In kuma an ga mace ta fito da ɗinki bayan ta gama nata aikin gidan, a matsa mata wajen haske, a turo 'yan matan da ke zaune su gani. A dogon hutun da ya wuce na tafi Funtuwa da jikata, na ba ta kwarashi da ragowar zare don ta bar ni in huta da tambaya. Kafin mu dawo 'ya'yan gidan uku sun iya sarƙar farko, uwarsu na ta kirana a waya wai in aiko da zare.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka turo wakilinku cikin birni, ya shiga unguwanni irin su Kwarbai da Magajiya da Limancin Kona, ya nemi izinin masu gida ya zauna da matan da ke wannan ɗinki. Ya tambaye su nawa ake biyansu a kan riga ɗaya, kwana nawa take ci, sannan ya je kasuwa a Kano ko Abuja ya tambayi nawa ake sayar da ita. A buga mana lissafin biyu gefe da gefe.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wata malamar firamare,
Tudun Wada, Zariya.