Kunkurun da ya koya wa jikata lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni tsohon malamin firamare ne. Na fara riƙe alli a 1978, lokacin da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa ya cika azuzuwa da yara har ana neman malamai ido rufe, na kuma ajiye aiki a 2013. Yanzu watana huɗu a birnin Las Begas na jihar Nebada a Amurka, wurin 'yata da maigidanta, na zo a duba mini ido. Idon ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Abin da ya sa ni ɗaukar biro yau wani kunkuru ne.

Wata rana cikin watan Janairu jikata, mai shekara tara, ta dawo daga makaranta ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Kaka, yaushe kake ganin Max zai fito?" Na ce, "Amarya, wane ne kuma Max? Wani kika samu kika bar ni da tsufana?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zaunar da ni ta yi mini karatu.

Ashe Mojave Max sunan wani kunkuru ne da ake kiwo a wani lambu mai suna Springs Preserve a cikin garin. An sa masa sunan hamadar da garin ke cikinta, wadda ake rubutawa Mojave amma Mohabi ake faɗa. Irin wannan kunkuru idan sanyi ya shigo sai ya shige raminsa ya kwanta, ba ci ba sha, wata da watanni, sai ƙasa ta ɗumama ya fito. Tun shekarar 2000 hukumar gundumar Clark, inda Las Begas take, ke shirya wa 'yan firamare gasa: kowane yaro ya faɗi rana da sa'a da mintin da yake ganin Max zai leƙo daga rami. Wanda ya fi kusa da daidai a ba shi kyauta, a kuma kai 'yan ajinsu gaba ɗaya su gano kunkurun.

Da farko na ɗauka irin wasan nan ne na mutanen da suka ƙoshi. Sai da na buɗe littattafanta na ga ba haka ba ne.

A littafin lissafi, malamarsu ta ba su ranakun da Max ya fito a shekarun baya. Akwai shekarar da ya yi sammako, 14 ga Fabrairu a 2005, akwai kuma wadda ya yi nauyin barci har 24 ga Afrilu a 2023. Aka ce su ƙirga kwana nawa ne tsakanin ranakun biyu, su zana jadawali, su gano watan da ya fi yawan fitowa a cikinsa. Yarinyar nan da uwarta ke fama da ita a kan ɗebewa, ita ce ta zauna tana ƙirga kwanakin Fabrairu da Maris da yatsu ba wanda ya sa ta, don kawai kada wata ƙawarta ta fi ta kusa da amsa. A darasin kimiyya an fitar da su filin makaranta da ma'aunin zafi, suka auna saman ƙasa, suka tona ɗan rami suka auna ciki, suka ga bambancin da idonsu. Daga nan suka fahimci dalilin da ya sa dabbar ke ƙarar da kusan duk rayuwarta a ƙarƙashin ƙasa, a wurin da zafin doron ƙasa kan haura digiri 60 da bazara. A taswira sun shafa launi a kan jihohi huɗun da hamadar ta ratsa: Kalifoniya, Nebada, Arizona da Yuta. A darasin rubutu kuwa an ce kowa ya zama kunkuru ya rubuta wa mutane wasiƙa. Ta jikata ta fara da cewa don Allah a daina sakin balan-balan a sama, saboda idan ya faɗo a daji sukan ɗauka fure ne su ci.

Akwai abu biyu da na koya daga bakinta, ni da na yi shekara 35 ina koyarwa. Na farko, ruwan da Las Begas ke samu a shekara bai wuce wajen milimita 100 ba, don haka kunkurun kan tara ruwa a mafitsararsa ya riƙa amfani da shi lokacin fari. Idan mutum ya ɗaga shi ya tsorata, sai ya saki fitsarin nan, guzurinsa na watanni ya zube a ƙasa, ƙishirwa tana iya kashe shi. Shi ya sa ake koya wa yara su kalla daga nesa kada su taɓa, kuma doka ta hana a ɗauke shi daga daji, domin tun 1990 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Na biyu ya fi ba ni mamaki. Wai bola tana kashe kunkuru. Na ce ta yaya? Ta ce akwai wani babban hankaka baƙi ƙirin, ba irin namu mai farin ƙirji ba, da ya yi yawa a hamadar saboda yana samun abinci a sharar mutane. Shi ke fasa ƙoƙon bayan 'ya'yan kunkuru tun yana da taushi ya cinye su. Ga shi kuma kunkurun sai ya kai wajen shekara goma sha biyar kafin ya fara haihuwa, don haka duk wanda aka rasa ba a mayar da gurbinsa da wuri. Tun daga ranar ba wanda ya isa ya bar kwandon shara a buɗe a gidan nan. Uban ma ta taɓa tsayar da shi a kan haka.

Malam Edita, a daren nan barci ya ƙi zuwa, domin na tuna wani abu da na yi. Wajen tsakiyar shekarun 1980 ina koyar da aji huɗu a wani ƙauye kusa da iyakar Nijar. Ana cikin darasi na ga bayan aji ya hargitse, yara sun yi cincirindo a kan benci guda. Na je na tarar wani yaro ya zo da ɗan kunkuru a jakar buhu, ya tsince shi a gonar babansa bayan ruwan farko. Na yi masa bulala uku, na sa aka fitar da kunkurun waje, na koma kan allo. Ka san darasin da nake koyarwa a ranar? Abubuwa masu rai da marasa rai. Na kori mai rai daga aji, na sa yara hamsin suna maimaita siffofin masu rai da ƙarfi har aka kaɗa ƙararrawa. A lokacin gani nake na yi daidai, don haka aka horar da mu: lissafi minti talatin da biyar, a kaɗa ƙararrawa, a rufe shi, a buɗe Turanci, kamar ɗakunan kishiyoyi da ba sa ga maciji da juna. Yaron nan yanzu magidanci ne, wataƙila ma da jikoki. Idan wannan wasiƙa ta kai gare shi, ya yafe wa malaminsa.

Abin da ya ƙara taɓa ni shi ne wani maƙwabcinsu a nan. Jikata ta ja ni gidansa wai in ga kunkurunsa. Ina leƙa bayan gidan na ga wani ƙato kamar an kifa turmi, launin rairayi, yana cin ciyawa hankalinsa kwance. Na ce wannan ai ɗan gida ne! Irin wanda nake gani ina yaro a gidajen wasu attajirai da masu sarauta. Mutumin ya ce ya saye shi a kanti bai fi tafin hannu ba, yanzu ya tone masa gindin katanga. Wannan shi ne kunkurun Sahel, wanda masana ke kira sulkata. Asalinsa yankinmu ne, daga Senegal da Muritaniya, ya bi ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi da Sudan har Eritriya. Shi ne na uku a girma a duniya, kuma biyun da suka fi shi a tsibirai suke zaune. Namijinsa kan haura kilo 50, alhali na Mojave da ake wannan hidima dominsa da ƙyar yake kai kilo bakwai. Shi ma rami yake tonawa ya fake daga zafin rani, sai damina ta faɗi ya fito kiwo. A nan Amurka ana hayayyafa shi a gidaje har ya yi wa wasu yawa suna neman mai karɓa. A can gida kuwa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu haɗarin ƙarewa: dabbobin kiwo sun cinye ciyawarsa, gobarar daji na cin sa, ana kuma kama shi a sayar. Senegal sun buɗe masa wuri a Noflaye, kusa da Dakar, inda ake kiwonsa ana mayar da wasu dajin Ferlo, 'yan makaranta kuma na zuwa kallo. Mu kuwa yaranmu sun san sunan zaki da giwa da Turanci, amma tambayi ɗan aji shida me kunkuru ke ci ka ji shiru.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin da ni ne a da, shi zan faɗa. Za su ce Malam ya je Amurka ya sha sanyi ya manta da mu: aji mai yara ɗari, ba benci, alli ma sai malami ya saya da kuɗinsa, albashi sai ya ga dama ya zo, ga masu duba makarantu ba abin da suke tambaya sai ko an gama manhaja. Duk gaskiya ne, kuma kunkuru ba zai biya kowa albashi ba. Amma na duba abin da malamar jikata ta yi amfani da shi da kyau. In ka cire ma'aunin zafi, sauran takarda ce da fensir da kalanda. Abin da ya riƙe yaran shi ne an ba su tambayar da malamar kanta ba ta san amsarta ba, sai an jira an gani. Wannan kuwa ba a shigo da shi daga waje.

Ba kuma ina cewa a je daji a kamo kunkuru a kai makarantu ba. Allah ya kiyaye, wannan zai ƙarasa ɗan abin da ya rage ne. Inda akwai gidan da ake kiwonsa a gari, a nemi izinin maigidan a kai yara. Su auna tsawonsa da igiya su gwada a rula. Su ƙirga manyan gidajen da ke tsakiyar bayansa, za su samu goma sha uku. Su tambayi maigidan shekararsa nawa a gidan da abin da yake ci. Idan sun tarar an huda gefen ƙoƙonsa an ɗaure da igiya, kamar yadda aka saba yi, malami ya gaya musu ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe, yana jin ciwo. Da an koma aji sai malamin Hausa ya karɓa: a kawo tatsuniyoyinsa, a warware karin maganar nan ta kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, kowa ya je ya tambayo kakarsa wata.

Inda babu kunkuru kuma, ai muna da namu Max ɗin da ya fi nasu daɗewa a bakin aiki: shamuwa. Wane manomi ne bai san idan ta sauka a kan bishiyar gari damina ta matso ba? Tun cikin Maris hedimasta ya sa kowane yaro ya rubuta ranar da yake ganin za a fara ganinta, da ranar da ruwan shuka zai sauka. A manna takardar a bango. A nuna musu a taswira ƙasashen kudancin Afirka inda take tafiya idan ta bar mu. A yanke gorar roba a kafa a filin makaranta, duk ranar da aka yi ruwa yaro guda ya auna da rula ya rubuta. A aika su wurin tsofaffin gari su tambayo ko shamuwa na zuwa da yawa kamar da, su rubuto abin da aka gaya musu. Bayan shekara biyar makarantar tana da nata tarihin ruwan sama, da hannun yaranta. Kyautar wanda ya ci kuwa, littafin rubutu biyu da fensir sun isa.

Ina roƙon wannan jarida, tunda malamai da yawa na karanta ta, idan wata makaranta ta gwada, a ba yaran ɗan fili a buga sunan wanda ya ci. Na san yadda yaro ke ji idan ya ga sunansa a takarda.

Har yau da nake rubutun nan Max yana cikin raminsa. Jikata ta zaɓi 2 ga Afrilu da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, ta ce ta duba jadawalinta. Ni ba a yarda tsofaffi su shiga gasar ba, amma na faɗi tawa a gida, 25 ga Maris, ba don wata hujja ba sai don gwiwoyina sun fara daina ciwo. Ta rubuta duka biyun ta manna a jikin firji. Idan tata ta fi kusa, na yi alkawarin aiko mata da kilishi da zarar na koma gida. Idan tawa ce, za ta koyi ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Hausa ba tare da ta haɗa da Turanci ba.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
daga Las Begas, Amurka.