Zuwa ga Yaya, daga Winnipeg

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna, ya yara? Ki gaishe min da babansu. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Sanyi dai yana nan, wani daren har yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, amma ɗakina da ɗumi, kada Inna ta sa abin a ranta.

Ranar Litinin na turo dala 400 ta asusunki. Naki, Yaya, ba na Auta ba. Dala 250 na kwanon rufin ɗakin Inna ne, a saya tun yanzu kafin damina ta matso kaya su yi tsada. Dala 100 na maganinta na hawan jini, ragowar 50 ki biya wa yara kuɗin Islamiyya. Na kwanon nan ko wa ya zo da kuka kada a taɓa shi.

Sai maganar hoton nan nawa da kayan wasa a kan ƙanƙara. Labari ya iso min na abin da Goggo ta faɗa a gidan suna, wai na yar da mutuncin gidanmu ina guje-guje da maza a kan ƙanƙara. Wallahi kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Babu namiji ko ɗaya a cikinmu, mata ne zalla, da malamar makaranta, da nas, har da mai jikoki. Hokin ƙanƙara ake ce wa wasan, a nan kamar ƙwallon ƙafa yake a wajenmu, matan Kanada sau biyar suna cin zinare da shi a gasar Olamfik tsakanin 2002 da 2022. Namu na motsa jiki ne kawai, awa ɗaya daren Lahadi. Ki nuna wa Goggo hoton da kyau. Jikina a rufe yake daga kai har ƙafa, ɗankwalina yana cikin hular kwano, fuskata ma bayan ragar ƙarfe ta hular take. Kayan kuma gwanjo na saya, kada a ce kuɗin gida nake ci.

Wata abokiyar aikina ce a gidan kula da tsofaffi ta ja ni. Ta lura daga aiki sai ɗaki, ga rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, ni kuma tun rasuwar Baba ba ni da aiki sai kuka. Wata uku ina faɗuwa kafin ƙafata ta tsaya a kan takalmin nan mai ƙarfe kamar wuƙa. Yanzu har da baya ina iya tafiya.

Makon jiya muna kunnen doki a zagaye na uku, ɗan baƙin faifan robar da ake bugawa ya zo gaban ragarmu. Na kai sanda zan kore shi, sai ya daki takalmina ya shige. Ni da kaina na ci gidanmu. Na koma benci hawaye na zuba cikin hula. To wasan nan ba a daɗewa a fili, minti ɗaya ko biyu ki fito wata ta shiga, kafin numfashinki ya daidaita an sake kiranki. Na koma da abin a zuciyata, ido yana fili hankali yana baya, aka ƙwace faifan a sandata saura kaɗan su ƙara. Sai mai tsaron gidanmu, wadda ni na jawo mata, ta ɗan buga sandarta a ƙaurina, haka suke ƙarfafa juna, ta nuna min gaba. A shiga ta uku na ce a raina wanda ya shiga raga ya riga ya shiga. Na zuba wa faifan ido, na miƙa wa wata, ta ci. Duk da haka an cinye mu 3 da 2. A ɗakin canza kaya ba wadda ta tayar da zancen, hirar ’ya’yansu kawai suke yi.

A bas ina komawa gida Auta ya faɗo min a rai. Wata takwas ke nan ba na ɗaukar wayarsa, tun da kuɗin kwanon bara suka narke a sana’ar da ya ce zai juya su. Ya yi kuskure, ya ba da haƙuri ya fi sau goma, ni ce na riƙe. Ki ce masa ya kira ni ranar Juma’a bayan isha’i, kun riga mu da awa 7, lokacin ina hutun rana. Ku ma ku daina yi masa gori a gaban yara. Amma kuɗi dai a hannunki za su zauna.

Nawa laifin ne har yau na kasa ajiyewa. Baba ya yi jinya wata huɗu ina nan ina jiran takardu, aka binne shi ban ga fuskarsa ba. Ki roƙar min Inna ta yafe min, ta ci gaba da sa ni a addu’a.

Idan an sayi kwanon ki ɗauki hoton rasit ɗin ki turo min. In kin samu mai tahowa, a haɗo min kuka da daddawa da ɗan yaji, nawa sun ƙare tun watan jiya.

Ƙanwarki