Ruwa Ne Ƙofar Tirayatlon

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani wasa da ba kasafai yake samun shiga shafinku na wasanni ba, wato tirayatlon. Gasa ce da mutum ɗaya yake yin ninƙaya, ya fito ya hau keke, ya sauka ya kama gudu, duk a jere, agogo na ta tafiya. Ni ba da wasa nake ci ba. Ma'aikaci ne ni, mai iyali, shekaruna 44, kuma shekara shida ke nan ina wannan abu da aljihuna da ɗan lokacin da aiki ya rage mini.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk sa'ad da aka ambaci wasan nan a kafafen labarai, hoto iri biyu ake nunawa: ko ƙato ya duƙa a kan wani keke mai kama da kibiya, ko wani ya zube a ƙasa a ƙarshen doguwar gasar nan da ake kira Ironman ana yi masa fifita. Wanda ya ga na biyun sai ya ce wannan ai neman mutuwa ne. Wanda na farkon ya burge sai ya bazama neman keke. Dukansu an kai su an baro. Wanda yake son shiga wannan wasa, ruwa zai fara nema, kuma a ruwan ne ya kamata ya kashe mafi yawan shekararsa ta farko.

Kafin in kai ga hujjata, bari in cire wa mai karatu tsoro. Ba ƙwararru ne suka kafa wasan ba, irinmu ne. Gasar farko ta zamani an yi ta ne ranar 25 ga Satumba, 1974, a Mission Bay da ke San Diego a Amurka, kuma wata ƙungiyar masu gudu ce ta shirya wa 'ya'yanta, mutum 46 suka shiga. Ironman ɗin da ake tsorata mutane da shi, a 1978 aka fara shi a tsibirin Oahu na Hawai, mutum 15 suka tashi, 12 suka kai. Wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, direban tasi ne a lokacin, ya gama cikin awa 11 da minti 46. Sai a shekarar 2000 wasan ya shiga Olamfik, a Sidni. Har yau kuma, in ka je kowace gasa, ƙwararrun ba su fi cikin cokali ba. Sauran duk malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa da tsofaffi, an raba su rukuni-rukuni bisa shekaru, kowa yana gwada ƙarfi da sa'o'insa.

Kuma ba dole sai Ironman ba. Shi ne mai ninƙayar kilomita 3.8, keke kilomita 180, da gudun fanfalaki kilomita 42.2, a gama cikin awa 17. Akwai rabinsa. Akwai nisan Olamfik: ninƙaya mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai kuma gajeren, wanda a nan kowa ya kamata ya fara: mita 750, kilomita 20, kilomita 5. Mai lafiya da ya yi shiri na wata huɗu zuwa shida zai iya gama gajeren da keken da yake zuwa aiki da shi, in dai birkinsa na kamawa. In dai kuma ya iya ruwa.

Ni sai da na kai shekara 38 na koyi ninƙaya. Ina da gudu a ƙafata, don na daɗe ina yi, saboda haka na ɗauka ƙarfin huhu zai fid da ni. Ranar farko da na gwada tsallake kwamin ninƙaya mai tsawon mita 25, na kama bango ina haki kamar wanda aka koro. Malamin da ke koya mini, yaro ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba, ya tsuguna a bakin ruwan ya ce, "Yallaɓai, ba ƙarfi ne ya gaza maka ba. Riƙe numfashi kake yi. Ka fitar da shi a cikin ruwa ta hanci, in ka juyo da kai shaƙa kawai za ka yi." Mako uku ya sa ni ina tsaye a inda ruwa ya kawo mini ƙirji, ina cusa fuska ina busa kumfa. Ban taɓa ganin darasin da ya yi mini amfani kamar wannan ba. Bayan wata takwas ina iya zuwa da dawowa sau talatin ba tsayawa, wato mita 1,500, na ce to, na isa.

Ashe da sauran rina a kaba. Gasata ta farko a teku aka yi ta, a wata ƙasa da na yi tafiyar awa shida a jirgi kafin in kai. Ban taɓa yin iyo a buɗaɗɗen ruwa ba, kuma rigar robar nan da ake sawa saboda sanyi, a safiyar na fara sa ta. Aka busa, muka afka kusan mu ɗari biyu a lokaci ɗaya. Sanyin ruwan ya doki fuskata, numfashina ya ɗauke. Na duba ƙasa neman baƙin layin da na saba bi a kwami, ba komai sai duhu kore. Wani ya hau ƙafafuna, wani ya kai wa tabarauna gwiwar hannu, ruwan gishiri ya cika mini baki. Rigar ta matse mini ƙirji kamar an ɗaure ni da igiya. Ko mita 150 ban yi ba na ji zuciyata tana dukan uku-uku, hannuwana sun ƙi bin umarni. Na ɗaga hannu sama.

Wata mata daga cikin masu ceto ta turo ɗan kwalekwalenta kusa da ni. Ta ce in kama bakinsa, in juya rigingine, in kalli sama. Ta ce doka ta yarda in huta a nan muddin ba ta ja ni gaba ba. Na kama. Har yau ina tuna igiyar da ke bakin kwalekwalen, ja ce, ta ɗan tsinke a gefe ɗaya, ita na zuba wa ido ina ƙirga numfashi. Na yi kamar minti uku a haka. Da na ɗago, taron duk ya wuce, ruwan ya lafa, sai na saki na bi a hankali har na fito cikin na ƙarshe-ƙarshe. Na gama gasar. Amma a daren nan ban yi barci ba, domin na gane da matar nan tana nesa da ni da mita hamsin, da labarin ya sha bamban.

Daga baya na karanta wani bincike da aka wallafa a 2017 a mujallar likitoci ta Annals of Internal Medicine, wanda ya bi diddigin gasannin Amurka daga 1985 zuwa 2016. An samu mutum 135 da suka rasu ko zuciyarsu ta tsaya, kuma 90 daga ciki a ninƙaya abin ya same su. Yawancinsu maza ne da suka manyanta, da dama kuma suna da ciwon zuciya da ba su san da shi ba. In aka kwatanta da miliyoyin da suka shiga gasa a tsawon shekarun, adadin kaɗan ne, kuma ban kawo shi don in kori kowa ba. Na kawo shi ne don a ga inda haɗarin yake. Ninƙaya ita ce mafi gajarta a cikin ukun, shi ya sa ake raina ta. A keke in ka gaji ka taka birki, a gudu ka koma tafiya. A tsakiyar ruwa ba wurin zama.

Saboda haka duk wanda ya tambaye ni yadda zai fara, abin da nake gaya masa ke nan. Ya je likita ya duba zuciyarsa, musamman in ya haura arba'in. Ya nemi malami na gaske, kada ya ce zai koya daga bidiyo a waya. In hannunsa ya faɗa a kwami, ya nemi tafki ko bakin teku da aka amince da shi, ya shiga tare da abokai, da wani a kwalekwale, kada ya kuskura ya shiga shi kaɗai ko sau ɗaya. A nan zai koyi ɗaga ido bayan kowane bugu shida ko takwas ya hango alamar da ake zagayawa, in ba haka ba zai yi ta karkacewa yana ƙara wa kansa nisa. Ya saba da rigar robar tun kafin ranar. Ƙa'idar Ironman ita ce waɗanda ba ƙwararru ba na iya sa ta in zafin ruwan bai wuce digiri 24.5 ba, kuma dole ne a sa in ya yi ƙasa da 16, don haka mutum ya iya iyo da ita da kuma ba ita. Ranar gasa ya shiga ruwan minti goma kafin a fara, fuskarsa ta sha sanyin. In an busa kuma, ya tsaya a baya ko a gefe, ya ƙirga goma, ya bar masu hanzari su wuce. Daƙiƙa goman nan ba su taɓa hana kowa gamawa ba.

Keke da gudu ba zan ja su ba, domin nan mutane suka fi samun masu ba su shawara. Abu ɗaya dai: a riƙa haɗa su a horo. In ka sauka daga keke ka fara gudu, ƙafafun sai su zama kamar na aro, kuma maganinsa kawai sabo, ko da gudun minti goma sha biyar ne bayan kowane dogon tuƙi. A filin sauya kaya, ba a taɓa keke sai an ɗaure igiyar hular kwano. A Ironman kuma ba a yarda ka manne a bayan wani yana kare maka iska ba, sai ka bar tazarar mita 12. Ni awa bakwai zuwa takwas nake samu a mako, yawancinsu da sassafe kafin gida ya tashi, kuma mafi yawa a saurin da zan iya hira ina yi. Uwargidana ce ke riƙe da jadawalin tare da ni. Duk gasar da ba mu zauna mun amince da ita ba, ba na zuwa, domin lokacin nan daga hakkinsu ake yanko shi.

Sai tafiya zuwa wurin gasa, wadda ita ma gasa ce ta huɗu. Kafin keke ya hau jirgi sai an kwance shi: a cire tayoyi, a cire feda, a sauke sirdi, a naɗe ƙarfen giyar baya da tsumma domin shi ne ke saurin lanƙwashewa. Fedar hagu zarenta a juye yake, wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaure ta yana zaton kwancewa yake. Kafin ka zare sirdi, ka naɗa salatif a daidai inda yake, don bambancin santimita ɗaya ya isa ya tayar maka da ciwon gwiwa a kilomita 90. A tafiyata ta uku, wadda na je rabin Ironman, na sauka akwatin kekena bai sauka ba. Kwana biyu ina sintiri tsakanin masauki da filin jirgi, kowa na tura ni wurin wani. Abin da ya cece ni shi ne na sa hular kwano da takalma da tabarau da rigar gasa a jakar hannu, kuma na rubuta awon kekena a takarda. Wani dattijo da muka haɗu a layin karɓar lamba, wanda ciwon ƙafa ya hana shi shiga, ya ji abin da ya faru, ya ce in zo in ɗauki nasa. Ya zauna a ƙasa da sifana a hannu yana daidaita mini sirdi da takardata a gefensa. Ko harshen juna ba ma ji sosai. Kekena ya iso ana gobe gasa da daddare, amma alherin mutumin nan bai bar raina ba. Tun daga nan nake isa kwana uku kafin gasa, in kuma akwai bambancin agogo mai yawa in ƙara, tunda jiki na bukatar kusan kwana guda a kan kowace awa ɗaya ta bambanci.

Irin wannan halin ne ya riƙe ni a wasan. Duniya ta ga misalinsa a 2016 a Cozumel ta Meziko, sa'ad da zafi ya jirkita Jonny Brownlee na Birtaniya dab da ƙarshe, wansa Alistair ya tsaya ya rungumo shi ya kai shi layi, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce ya yi nasara. Schoeman ɗin nan shi ne ya kawo wa nahiyarmu lambar tagulla a Olamfik na Riyo a wannan shekarar, kuma ƙasarsa na karɓar baƙuncin Ironman a birnin Gqeberha, wanda aka fi sani da Port Elizabeth. Akwai kuma Madonna Buder, 'yar Amurka, da ta gama cikakken Ironman a 2012 tana da shekara 82. Ban ga dalilin da zai sa masu karanta Hausa su kasa jin waɗannan labarai da harshensu ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. In za ku sake taɓo wasan nan, ku faɗi nisan gajeriyar gasar, ku sa hoton talakan ɗan wasa yana fitowa daga ruwa. Sannan ku aiki wakilinku ya zauna da malaman ninƙaya da masu ceto, su yi wa iyaye bayanin yadda ake koya wa yaro da babba iyo, da abin da ake yi in an ga mutum yana nutsewa. Wannan zai amfani har wanda ba zai taɓa hawa keken gasa ba. 'Yata mai shekara tara ta fara zuwa wurin malamin da ya koya mini, makon jiya ta tsallake mita 25 ɗinta na farko ba ta kama bango ba. Ni kuma ina shirin wata gasar nan da wata biyar, kuma in Allah ya kai mu, zan aiko muku da yadda ta kaya in kuna so.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum