Wasiƙa daga Zariya: tsakanin 504 da 280 SL

Tudun Wada, Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Mu nan lafiya lau, sai hazo da ƙura.

Na ga hotunan motocin nan biyu masu rufin tamfol da ka aiko, wato Peugeot 504 da Mercedes 280 SL, kana tambayar wacce zan ɗauka in kuɗin nawa ne. To, Peugeot 504 zan ɗauka, kuma na san za ka ce son kai ne irin na ɗan jihar Kaduna.

A ƙarfi dai babu gardama, Mercedes 280 SL ce gaba. Injinta silinda shida ne, lita 2.8, ƙarfin doki 170, tana kai kilomita 200 a awa. Daga 1967 zuwa 1971 aka ƙera ta, guda 23,885. Ita kuwa 504 mai buɗaɗɗen sama, da ta fito a baje kolin Janeba a 1969, silinda huɗu ce lita 1.8, daga baya aka ƙara ta zuwa lita 2 mai ƙarfin doki 104. Ko mai silinda shida ta 1974 a 136 ta tsaya. In aka sake su daga Kwangila zuwa Kaduna, mai Mercedes zai yi alwala ya yi salla kafin ɗan'uwansa ya iso.

Amma malam, gudun nan a ina za ka yi shi? Kuma da wa? Mercedes kujera biyu gare ta, kai da Hajiya, shi ke nan. Peugeot tana da kujerar baya, ko da matsattsiya ce, yara biyu za su shiga ranar hawan salla.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙasan Peugeot ɗin. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana bodin, shi ya ƙera shi, aka rage tsakanin tayar gaba da ta baya da santimita 19. To amma ƙashin bayanta na 504 ɗin nan ne da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda muka taso muna gani a kowace tasha. Duk wani tsohon bakanike a Sabon Gari da ido rufe zai kwance maka wannan injin. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Mai lita 2 ɗin ba kafireto gare ta ba, famfon fesa mai ne na Kugelfischer, kada ka bari kowane yaron gareji ya sa masa sukundireba. Sannan ba ta haɗa ƙofa ko bonet da 504 ɗinmu ba, kuma wajen dubu takwas kacal aka yi. In ɗan Keke ya murƙushe maka gefe, sai dai mai gyaran bodi ya yi ta bugu.

Ka san Paul Bracq, Bafaranshen da ya zana Mercedes ɗin, a 1974 Peugeot ya koma aiki? Sai ka daina yi mini gori.

Kafin ka biya ko sisi, ka sa a ɗaga motar a duba tsatsa a ƙarƙashi, musamman gindin ƙofofi da inda ake naɗe tamfol, don can ruwa yake kwanciya. Ka kuma tambayi kuɗin tamfol sabo, domin ranarmu ba ta barin tsoho.

Ka gaida Hajiya da yaran. Inna tana tambayar yaushe za ku zo.

Naka,
Amininka