Godiya ga masu shagon gyaran kwamfuta na PZ, Zariya

Assalamu alaikum.

Injiniya, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Na yi maka godiya baki da baki ranar da na zo ɗaukar kwamfutata, amma zuciyata ba ta gamsu ba. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa na rubuto wannan a fili. Ban kama suna ba domin ban nemi izininka ba, amma masu bi ta PZ sun san shagon da nake nufi.

Ni mai buga takardu ce, ɗan shagona yana Kongo, kusa da harabar ABU inda ɗaliban shari'a da na harkokin mulki suke karatu. Kwamfutar tebur ɗaya gare ni, ba sabuwa na saye ta ba, kuma da ita nake ciyar da yara uku. Na daɗe a kan Windows 7 duk da an daina kula da shi tun Janairun 2020, har ta kai manhajar shiga intanet ta daina karɓar sabuntawa. Ɗan yayata, yaron kirki mai son taimako, ya ce zai sa mini Windows 10. Ya sa, ta tashi lafiya, muka yi murna.

Washegari murna ta koma ciki. Rubutu ya zama manya-manya a fuskar kwamfutar, na jona wayar intanet ta ƙi gani, in kuma na kashe ta sai fanka ta yi ta juyawa kamar ba za ta tsaya ba. Yaron ya kawo wata manhaja a filashi, irin waɗanda ake cewa suna nemo direbobi duka da kansu, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki. Garin neman gira muka rasa ido: tun daga nan sai ta yi minti goma tana aiki, fuskar ta rikiɗe ta zama shuɗiya, ta mutu. Ga lokacin furojet, ɗalibai biyar sun bar mini aikinsu, ɗaya daga cikinsu saura mata kwana huɗu ta miƙa. Na kai kwamfutar wani wuri, mai wurin bai ko kunna ta ba ya ce babban allon da ke cikinta ya ƙone, in kawo kuɗin wani. A Keke Napep ɗin da ya kawo ni wurinku, kwamfutar na kan cinyata, lissafin wanda zan ranta a wurinsa kawai nake yi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tambayar da ka yi kafin ka taɓa komai: "Hajiya, akwai aikin mutane a ciki?" Na ce akwai. Ka sa yaronka ya ciro ma'ajiyar bayanan, ya kwafe komai zuwa wata, ya nuna mini fayilolin ɗaya bayan ɗaya har na ga sunan yarinyar nan mai kwana huɗu. Bayan haka ne kuka sake sa Windows ɗin daga tushe, domin manhajar nan ta cusa direbobin da ba na na'urar ba ne, kuma su ne suke kayar da ita.

Daga nan ka jawo mini kujera, ka buɗe wurin da ake kira Device Manager, inda Windows ke jera sassan kwamfuta. Ga wasu alamomi uku masu launin rawaya, kowace da alamar motsin rai a tsakiya, a jikin sunayen sassan nan: SM Bus Controller da PCI Simple Communications Controller da Ethernet Controller. Ka danna ta farko, ta nuna lamba 28. Ka ce ma'anarta ba a sa direban abin ba, ba wai ya lalace ba. Wallahi jin wannan kaɗai sai da na sauke ajiyar zuciya.

Bayanin da ka yi mini kan cifset, wani ɗan sashe a jikin babban allon, har yau yana kaina. Ka ce in ɗauke shi kamar Kwangila, inda hanyar Kano da ta Kaduna da ta Samaru suka haɗu: saƙon da ke tafiya tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ramukan filashi da ma'ajiya da wayar intanet, ta nan yake ratsawa. Direba kuwa tafinta ne tsakanin Windows da kowane sashe. In an sa sabon Windows ba tare da intanet ba, wasu sassan sukan tashi ba tafinta. Kuma wanda ya fi ɗaure kai shi ne na intanet, tunda sai da intanet za a sauke shi. Ku da wata kwamfutar kuka sauke, kuka ɗauko a filashi.

Na ga yadda ka gane mai kowane sashe ba da ka-ce-na-ce ba. Ka shiga bayanan abin, ka nuna mini wani layi mai VEN_8086, ka ce 8086 lambar Intel ce, da ta AMD ce da 1022 za mu gani. Sannan ka juya akwatin, ka goge ƙurar da ke kan takardar da aka manna a baya, ka karanta samfurin, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Na cifset ka fara sawa, ka kashe ka kunna, sannan na wani sashen Intel da ake kira Management Engine, sannan na hoto, da na intanet, da na sauti. Ina kallo alamomin nan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, rubutu ya dawo daidai girmansa. Ka kashe ta a gabana, fanka ta tsaya cikin daƙiƙu kaɗan.

A ganina, abin da ya fi gyaran ma daraja shi ne gaskiyar da ka faɗa mini. Kana da alluna a kan kanta, ina ganinsu a jere, kuma da ka ce nawa ya ƙone da na yarda, don ban san komai ba. Ba ka yi haka ba. Ka kuma ƙara da abin da ban tambaya ba: Windows 10 ma an tsayar da kula da shi ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma na'urata ta tsufa ga Windows 11, mai neman sashen tsaron da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Ka ce in fara tari a hankali, ba sai yau ba, kuma in daina barin aikin mutane a wuri ɗaya. Na shiga adashi saboda wannan shawarar.

Kuɗin da ka karɓa bai kai na man janareton da nake sha a kwana uku ba. Ka haɗa mini da direbobin duka a filashina, kowanne da lambarsa, 1 zuwa 5, yadda ko ɗan yayata zai iya bi. Na ɗaura wa filashin jan zare, yana cikin durowa, ba mai taɓa shi. Yarinyar nan ta miƙa aikinta saura kwana ɗaya, ta dawo shago da kanta ta gaya mini.

Ka gaishe mini da yaron da ya kwafe fayilolin, wanda ya riƙo mini kwamfutar har bakin titi, ya tsaya sai da na samu abin hawa. Allah ya albarkaci hannuwanku, ya ƙara kasuwa, ya raya zuri'a, ya saka wa iyayen da suka yi muku tarbiyya da aljanna.

Wassalam.

Taku,
Mai buga takardu a Kongo, Zariya